Takardar Jajen da Na Aika wa Surukina

Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kara-Kara. Malaminmu ya ce masu Ingilishi da kalmar jin daɗi suke buɗe wasiƙa, wai ita ce ladabi. Na riƙe ta gam.

Da rumbun surukina ya ƙone a Gidimuni, matata ta ce in je jaje da ƙafata. Na ce mai ilimi takarda yake aikawa. Kwana uku ina rubutu: "Baba, cikin matuƙar jin daɗi nake rubuto maka, na ji gobara ta cinye geronka."

Liman ya karanta masa a gaban jama'a. Tsohon ya ce, "Madalla. Da gidan ne ya ƙone, da rawa zai taka."

Na je na durƙusa har gwiwata ta gaji. Yanzu ko akuya ce ta mutu a garin, sai ƙannen matata su bugo waya: "Yaya, albishirinka!"