Rasuwar Greka, Tukunyar Gahawar Majalisa

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Floresmiro Cuéllar, magatakardan majalisar garinmu, nake sanar da jama'a rasuwar Greka, tukunyar gahawar majalisa. Ta cika ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar karanta rahoton zaman da ya gabata. Rahoton nan ya sha kwantar da manya, amma ita kaɗai ce ba ta farka ba.

Marigayiya ta kama aiki tun rufin zauren bai fara yoyo ba. Ta ga magadan gari sun zo da alkawari sun tafi da tumbi, ita tana nan a teburinta na bakin ƙofa. Ba ta da jam'iyya. Mai mulki da ɗan adawa duk a gabanta suke sunkuyawa, kowa da ɗan kofinsa.

Doka ta ce sai kansila huɗu cikin bakwai sun hallara kafin a yanke komai. Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne, Greka ce ke kawo su. Ƙamshinta ke ƙetare dandali ya fito da kansila Eudoro Patiño daga gidan wasan biliyad. Idan kuwa ya miƙe jawabi, ya faro daga kakansa da ya dasa bishiyar kasuwa, babu shugaban da ya taɓa iya katse shi sai ita. Tana cewa "ƙurrr, ƙurrr, fuuush," zaure zai tashi, har da mai jawabin.

Ta daɗe tana jinya. Famfonta yana ɗiga, dattijuwa doña Ermelinda, mai sharar zauren kuma mai dafa gahawa, tana ɗaure mata shi da tsumma. An kai maganar gaban majalisa, aka kafa kwamiti, kwamitin ya zauna ya sha gahawa ya tashi. Ranar Talatar, wani kansila da ba zan ambaci sunansa ba, don surukina ne, ya jona ta a wuta babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Kalmarta ta ƙarshe "tas" ce, sai ƙauri. Gumersindo mai gyaran wuta ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya cire hularsa. Doña Ermelinda ta tambaye shi ko da sauran numfashi, ya ce, "Doña, wannan ko lauyan gwamna ba zai tashe ta ba."

Kafin hayaƙin ya washe kujeru sun zama wayam. Tun ranar na kira zama har na gaji. Wannan gwiwa ta kama shi, wancan saniyarsa na naƙuda, saniyar da duk garin nan ya san an yanka tun Kirsimeti. Sayen sabuwar tukunya kuma sai majalisa ta amince, majalisa kuwa ba ta zama sai da gahawa.

Marigayiya ta bar kofuna da dama, yawancinsu babu mariƙi, da cokali ɗaya da aka ɗaure da zare saboda halin jama'a, da gwangwanin sukari wanda tururuwa suka riga suka raba gadonsa.

Ta kuma bar maraya guda, batun kwalbatin unguwar La Hondita, wanda shi ne na gaba a ajanda ranar da ta faɗi. Bututan aikin suna jibge a bayan coci. Idan majalisa ba ta amince da aikin kafin ƙarshen wata ba, hukumar lardi za ta kwashe su ta kai garin maƙwabta, ga damina a bakin ƙofa. Gidan doña Ermelinda ne na ƙarshe a gangaren, nan ruwan unguwa yake taruwa. Jiya tana goge gawar ta ce mini, "Floresmiro, bana ma a kan tebur zan kwana da jikokina ke nan?" Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a zauren majalisa. Doña Ermelinda za ta kawo gahawa daga gida, mai zafi, da burodin cuku. Ana roƙon dukkan kansiloli su halarta, domin babu wanda ya kai su cin moriyar marigayiya. Za a kira sunan masu makoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da "ina nan." Daga nan zan karanta batun kwalbati cikin muryar jimami, sai shugabar majalisa ta nemi duk mai ƙaunar Greka ya ɗaga hannu. A daure a bar shi a sama har in gama ƙirgawa.

Za a rufe ƙofar zauren don girmama mamaciya. Makullin yana wurin doña Ermelinda, kuma ta ce ita ba ta sauri.