Gama-Duniya a Saman Ƙanƙara

Idan ana lissafin mazan da suka san duniya, to kowa ya gyara zama, da Ciyaman za a fara. Shi ne shugaban masu sayar da tayil na layinsu, mutumin da ko tari ya yi sai an ce magana ta fito. Bai taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba, amma wannan bai hana shi gyara wa waɗanda suka ƙetare labarinsu ba. Shi ya sa 'yan layi suka raɗa masa Gama-Duniya. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, a zatonsa yabo ne.

Ana nan sai 'yarsa ta fari, mai aikin jinya a ƙasar waje, ta aiko da tikiti, shi da uwargidansa, a tsakiyar hunturu. Mijin 'yar ne ya tarbe su a filin jirgi, wani siririn malamin makaranta mai sanyin murya, wanda Ciyaman bai taɓa yafe wa laifin rashin tumbi ba. A bayan ido Tsinke yake ce masa. Surukin ya rusuna ya miƙo masa jibgegiyar rigar sanyi.

"Mayar da abarka," in ji Ciyaman. "Sanyi na marasa jini ne. Ni da nake shan ruwan firji tun da sassafe?"

Ƙofa ta buɗe, iska ta kwaɗa masa mari. Kafin su kai mota ya saka rigar, wai don kada yaron ya ji ba daɗi. Ya ƙara da hular ulu ta 'yarsa, mai tuntu ja, ita ma don kada ta ji ba daɗi.

Bayan sun huta aka shirya tafiya ta mota zuwa yankin duwatsu. Ciyaman ya kame a gidan gaba, domin jagora ba ya zama a baya. Na'urar da ke faɗin hanya ta ce a miƙe, shi ya ce a karya hagu.

"Baba, ai ta ce..."

"Ita ta haife ka? Hanya a jinina take."

Suruki ya karya hagu. Suka yi ta ratsa farar ƙanƙara, bishiyoyi tsirara a dama da hauni, har titin ya ƙare a bakin wani garken shanu. Shanun suka ɗago suna kallon hular tuntu. Ciyaman ya ce dama so yake su ga yadda mutanen nan ke kiwo. Ya fito a ɗauke shi hoto, ya ɗaga hannu irin na manya, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi. Tim! Daga zaune ya shafa ƙanƙarar da tafin hannu, ya girgiza kai.

"Daɓen nan ba shi da inganci. Da a shagona ne, ko kyauta ba zan bayar ba."

Uwargida ta cusa baki cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce sanyi ne.

Washegari sai ga babban abin da 'yar ta shirya: shawagi a kan duwatsu cikin ƙaramin jirgi. Ciyaman ya zo da tunanin irin wanda ya kawo su, mai kujeru jere da masu raba shayi. Abin da ya tarar bai fi tasi ba, da farfela ɗaya a hanci. Aka ɗora kowa a sikeli. Da allurar ta gama kai-komo a ƙarƙashinsa, matuƙin ya nuna masa kujerar can baya.

"Sun gane ni," ya ce. "Mai mota a baya yake zama."

Shi ya fara shiga. Aka ɗaure shi da bel, aka kifa masa abin ji a kunnuwa mai ɗan makirufo a baki. Injin na tashi ya rufe ido, wai nazari yake. Saboda haka bai ga lokacin da matuƙin ya sauya wa mutane wurin zama don daidaita nauyi ba.

Jirgi ya ɗaga. A ƙasa duwatsu suka baje farare fat, rana ta zuba musu ruwan zinariya, wani tafki ya daskare a tsakaninsu kamar madubi. Uwargida ta manna goshi a taga tana tasbihi. Gama-Duniya kuwa duhun fatar idonsa yake kallo. Iska ta ɗan jijjiga su, ya kai cafka ya damƙi hannun da ke kusa, cikin safar hannu mai kauri.

"Uwar yara, riƙe ni," ya raɗa. Makirufo ya kai raɗar kunnen kowa tas. "Wallahi ni ko tsani ba na iya hawa. Idan na tafi, ki ce wa 'yan layi a tsaye na mutu. Kuma ki roƙar min Tsinke gafara. Yaron kirki ne, haushinsa kawai nake ji don ya kai min 'ya nesa. Ke kuwa, hannunki har yau laushinsa na nan kamar ranar da na fara ganinki."

Hannun ya matsa nasa a hankali. Ciyaman ya ji sanyi a ransa, ya ci gaba da murza shi har tayoyi suka taɓa ƙasa.

Da ya tabbatar an tsaya, ya buɗe ido ta wajen taga, ya yi gyaran murya.

"To, ba laifi. Duwatsun sun yi ƙoƙari. Sai dai na zaci za su fi haka tsayi."

Ya juyo da kai. Can gaba, kusa da matuƙi, ya hango ƙeyar uwargida, hannayenta biyu rufe da fuska, kafaɗun nan na rawa. Ya tsaya yana kallonsu. Sai wata murya mai sanyi ta fito daga gefensa.

"Baba, Tsinke ne. Na yafe har ga Allah. Sai dai a ɗan sakar min hannun, da shi zan tuƙa mu gida."