Ranar da Na Kai wa Surukina Labarin Ƙafewar Kainji

Ba na jin zan taɓa mantawa da bazarata ta farko a Wara, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ni ɗan tudu ne, a garinmu babban ruwa shi ne rafin da akuya ke tsallakewa. Kawuna ne ya kawo ni bakin tafkin Kainji in koyi ɗinki a shagonsa. A nan na ga Asabe, 'yar wani dattijo Bagunge, ɗan ƙabilar bakin kogin, mai jirgin fito, na ji in ba ita ba sai dai in mutu tuzuru.

Ni kuwa mutum ne mai fargaba. (Inna ta ce tun ina yaro in na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta, in ji ko ta rufu.) Wata rana ina kan keken ɗinki sai na ji wani malamin tarihi a rediyo yana cewa manyan daulolin dā, irin tsohuwar daular Gana, ba yaƙi kaɗai ya ci su ba. Ya ce damina ce ke fara gajarta, rijiyoyi su ƙafe, rumbuna su koma wayam, mutane su watse, sannan abokan gaba su zo su tarar da kango. Karatuna iyakarsa firamare, amma wannan na gane shi sarai, har na ɗinke bakin aljihun wandon wani ban sani ba.

Washegari na gangara bakin ruwa. Tafki ya ja baya! Na kafa kara daidai bakin ruwan. Kowace safiya in na je sai in tarar ruwa ya ƙara yi wa karan nisa, kututturan itatuwa sun fito kamar haƙoran tsoho. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ba wanda ya damu. Mata suna wanki suna shewa. Na ce a raina, haka mutanen Gana suka yi ta shewa.

Ana haka ranar da Kawu zai kai ni gaishe da mahaifin Asabe ta zo. Tun a hanya ya ja mini kunne: "Kai dai ka durƙusa, ka gaishe su, ka sunkuyar da kai. Magana tawa ce."

Zaure cike da dattawa. Bayan gaisuwa Baba, mahaifin Asabe, ya tambayi Kawu, "To in an ɗaura, ina za su zauna?"

Kafin Kawu ya buɗe baki sai na ji muryata ta fita da kanta: "Baba, tudu zan kai ta. Ku ma ku shirya ku biyo mu, akwai fili wajen Inna. Ruwan nan ƙafewa yake yi, na auna da kara. Haka daular Gana ta faɗi, kuma ina jin Yawuri ce ke biye."

Kawu ya take mini ɗan yatsa har na ga taurari.

Can wani tsoho ya ce, "Wace Gana? Wadda ake zuwa sarin goro?"

Wani ya zabura: "Ashe kai ne mai karan nan! Ni ko kullum ina kewaye shi da addu'a, na aza sammu anka yi mani!"

Zaure ya kece da dariya, har mata a bayan zana. (Na gane ta Asabe a ciki, ita ta fi zafi.) Na tabbata aure ya lalace.

Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, duk bazara masu dam ke sakin ruwa don lantarki, mu bi laima mu shuka masara da wake, in damina ta yi nisa shi dawo. Mu ba fari yat tashe mu ba, ruwa ne. Gidan ubana na can ƙarƙashin tafkin ga. Ranar da anka ce muna ruwa na tahe, dariya munka yi, irin wagga."

Dariya ta ɗauke. Baba ya ci gaba:

"Kuma damina ba ta kai ta dā ba, nan ba ka yi ƙarya ba. Wanda ya ji tsoron ƙishirwar ɗiyata tun ba ta shiga ɗakinai ba, har ya yi wa tsohonta tayin fili, na ba shi. Amma gobe ka taho da fartanya."

Allah ya jiƙan Baba. Ya rufa mini asiri a ranar da ni da kaina na tone shi, ya kuma yankar mini gona a bakin tafkin. Har yau in ruwa ya fara janyewa Asabe kan leƙo shago ta ce, "Malam, daula ta fara faɗuwa, ɗauko irin masara."

Ban daina kafa kara ba, sai dai a ɓoye. Abin da na koya kawai shi ne, kafin in sanar da dattawa tashin duniya, in fara tambayar Asabe ko bara ma ta tashi.