Shawarar Mai Gadin Lambu

Wallahi wani taimakon gara a bar mutum da ciwonsa. Akwai wani Alhaji a wajen Kura, mai katafaren lambun gwanda da mangwaro da karas. Rowa gare shi ta fitar hankali, amma idan akwai 'yan kallo babu wanda ya kai shi tausayi. Ran nan ya leƙa lambun, mai gadinsa Sallau ya miƙo hannu su gaisa, sai Alhaji ya ga tafin hannun ya yi rawaya shar, kamar an jiƙa shi a ruwan ɗorawa. Ya duba tafin ƙafa, haka. Ya sa salati, ya ce ai wannan shawara ce. Nan take ya tura Sallau cikin mota sai asibiti, har da kiran wani ya ɗauki bidiyo, don duniya ta shaida yadda yake riƙon talakansa. Sallau yana ta cewa, "Alhaji, lafiyata ƙalau," amma ina!

Likita ya buɗe idon Sallau ya ga fari tas, ya juya hannun, sai ya kwashe da dariya.

"Alhaji, kwantar da hankalinka, ba shawara ba ce. Shawara a ido take fara bayyana. Wannan launin gwanda ne da karas da mangwaro. In mutum ya dage da cinsu safe da yamma, ba ƙaƙƙautawa, rawayar sai ta taru ta fito a fata. Ya huta da su kwana biyu, zai washe."

Alhaji ya yi wa mai bidiyo alama ya kashe. Ya juyo a hankali ya dubi Sallau, wanda tuni ya ga aikinsa yana shirin sulalewa.

"Safe da yamma, ko? Ni ina can ina zargin tsuntsaye, ashe da hannuna na ɗauko gara na zuba a rumbu! Ka ci amanata har ta nuna a jikinka, Sallau? Ko kunya ba ka ji?"

Sallau ya dubi tafin hannunsa, ya ga dai ba wurin ɓoye shi, sai ya ce:

"Ranka ya daɗe, ita gwanda ai dama nuna take yi. Albashinka ne shekara da shekaru ina ci, har yau ya ƙi nuna."