Hukuncin Madam

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a ofishinmu na Sabon Gari, saman wani shagon taya. Mu uku ne muke gina wa makarantu shafin intanet: ni, da Oga mai kamfanin, da Emeka mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da shafukan ke zaune a kai.

Akwai wata mai makaranta da muke kira Madam. Baiwar Allahn nan, da safe ta kira a canza launin shafi, kafin azahar ta kira a mayar yadda yake. Rannan ta riƙe ni a waya tun daga Samaru har ƙofar ofis. Ina shiga, da zafin raina, na rubuta wani ɗan midilwaya. (Ga wanda bai sani ba: duk abin da ka danna a shafi sai ya ratsa wasu shingaye kafin ya isa, kamar mota a hanyar da ke da 'yan sanda. Su ne midilwaya.) Aikin shingena ɗaya ne: in Madam ce ta shiga, a tsare ta daƙiƙa goma. Na yini ɗaya na yi niyya. Na huce, aka tura ni wani aikin, wallahi na manta fes.

Mako biyu Madam tana ƙorafin shafinta yana jan ƙafa. Mu in muka gwada, lafiya lau. Laifi ya faɗa kan Emeka. Oga ya ce masa in Juma'a ta yi ba a gyara ba, ya nemi wani wurin, ga matar Emeka ta kusa haihuwa.

Ranar Talatar Madam ta zo da kanta. Ni kuwa na kasa zama. In tashi, in leƙa taga, in dawo ina kaɗa ƙafa, son nuna gwaninta yana ta cina.

"Oga, a ba ni minti biyu," na ce.

Na haɗa kwamfutata da majigi, na buɗe kwansol, wato baƙin allon da kake yi wa manhaja tambaya kai tsaye tana ba ka amsa. Har da gaya wa Madam da Turanci (da shi kullum muke magana da ita) cewa yau asirin ɓarawo zai tonu. Na nemi jerin midilwaya, suka zubo a bango. Ina karantawa da ƙarfi, ina nunawa da biro: na tsaro, na tantance mai shiga, na... Sai birona ya tsaya cak. Ga shingena nan ɓaro-ɓaro, da sunan da na raɗa masa: MadamTaCikaSurutu.

Na kai hannu zan share allon.

"Tsaya," in ji Oga. "Buɗe wannan."

Na buɗe. A ciki har da bayanin da na bar wa kaina: "A bar ta ta sha jira, ko ma huta." Abu ɗaya ya rage mini, fatan ba ta jin Hausa.

Madam ta gyara tabarau, ta karanta shi tiryan-tiryan, da Hausar da ta fi tawa daɗi.

"Ɗan nan," ta ce, "a Dogarawa aka binne cibiyata."

Kunyar Madam mai sauƙi ce. Emeka ne ya juyo a hankali ya dube ni.

"So na you? Ashe kai ne? Kai ne fa jiya ka dafa ni, ka ce in dage da addu'a."

Ni ne kuwa. Wannan ta fi komai yi mini ciwo.

Emeka bai rasa aikinsa ba, sai dai ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni ma Madam ta hana a kore ni, bisa sharaɗin a ba ta lambata ta gida, kuma duk kiranta ni zan ɗauka.

Tun daga ranar, in raina ya ɓaci nakan ɗauke hannu daga kwamfuta, in sauka ƙasa in yi wa mai taya ƙorafi. Shi ba ya ajiye magana, balle ya haska ta a bango.