Nomau da Dankalin Leda

Gidanmu mutum biyu ne: ni Tabawa, da jikana Nomau da uwarsa ta mutu ta bar mini. Gemu ya fito masa, amma abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa roƙon kowa ba. Dankalin turawa nake soyawa a ƙofar firamare, da shi muke ci. Sai aka buɗe wani kanti a bakin titi, suna sayar da nasu soyayyen a leda mai sunan kantin, da araha. Yara suka watse mini. Kaskona ya koma hucewa da dankali a ciki.

Wata rana na ce, "Nomau, je kantin nan ka ɗanɗano mini nasu." Ya je ya tsaya gaban kanta yana farke leda yana ɗanɗanawa, mai yaji, mai albasa, mai gishiri. Bai biya ba, don ban ce ya saya ba. Maigadi ya tara masa gajiya. Ya dawo da leɓe a fashe.

"To, yaya ɗanɗanon?"

"Na farko gishiri ne, Kaka. Na ƙarshe jini-jini."

Wata rana na saya da kaina, na rufe fuska da mayafi don kunya. Rabin ledar iska ce. Abin da ke ciki siriri kamar ɓawon albasa, man kuma ya kwana ya tashi. Amma shi yara ke so. Na nuna wa Nomau buhuna na ƙarshe na ce, "Yanka irin nasu, har ka ga rana ta ciki." Na tafi jana'iza. Da na dawo la'asar, yana zaune tsakar gida yana ɗaga kowane yanka sama yana kanne ido. Wanda bai ga rana a ciki ba ya jefa wa awakin maƙwabta. Wanda ya gani ya yi baƙi a faranti. Ban doke shi ba, hannuna ba ƙarfi. Ranar ruwan zafi muka sha muka kwanta.

Wata rana, da ɗan abin da na tsinta daga buhun, na yi suya ta ƙarshe. In ba a saya ba, kaskon zan sayar. Haushi ya ci ni, na ba shi nawa ɗan kaɗan da ragowar na leda na ce, "Kai wa cinnaka su raba mana gardama. Kada ka tashi sai sun cinye duka." Bayan ɗaki nake nufi. Shi kuwa babban ramin cinnaka da ya sani yana gindin katangar firamare, daidai inda iyaye ke sauke 'ya'yansu. Can ya je ya zuba kashi biyu ya zauna.

Na neme shi har na gaji. Da aka tashi makaranta na ɗauki faranti na je, na tarar da taro. Nawa babu ko ɓurɓushi. Na leda yana nan yadda aka zuba, cinnaka na zagaye shi suna wucewa. Ƙafafun Nomau sun kumbura, yana hawaye, bai motsa ba.

Wata mata mai suna Ladidi, da ta zo ɗaukar ɗanta, ta ce, "Bawan Allah, tashi mana, za su kashe ka!"

"Kaka ta ce sai sun cinye. Ƙafata suke ci, na kanti sun ƙi."

Ba wanda ya yi dariya. Ladidi ta dubi ledar da ke hannun ɗanta, ta fizge ta jefa a kwata. Ta juyo ta ce, "Iya, zuba masa naki." Sauran matan suka biyo ta. Kafin in gyara zama farantin ya ƙare.

Na ce, "Tashi, sakarai." Ya tashi da ƙyar, na riƙe shi muka taho. A gida na shafa masa man kaɗanya har gwiwa. Ban yabe shi ba, kada ya saba. Washegari dai na farkon kasko, mai zafi, shi na zuba wa.