Ranar da na kwance feda

Ni da Mushe Idi, wato Malam Idi, muna koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye da ke bisa tudu, bayan Filinge, kowa da kekensa mai batir. Na Idi sai ya taimaka masa da ƙafa a hawa. Nawa kuwa hawa yake kamar akuya. Kullum muna gardamar na wa ya fi. Don in kashe gardamar, na sa bakanike ya kwance mini feda duka biyu.

"Mushe, in batir ya mutu hwa?" in ji bakaniken.

Na ce, "Wanga ba ya mutuwa."

Ran Litinin, a tsakiyar hawa, keke ya yi tsit. Ƙafafuna suka shiga laluben feda a iska. Idi ya wuce yana taka nasa a natse, har da yi mini barka da hutawa. Amalanken jaki ya kwashe mu, ni da keken, har ƙofar lakwal, direkta yana tsaye.

Tuni na mayar da feda. Amma har yau, da jaki ya yi kuka, sai Idi ya leƙo ajina: "Mushe, batirinka ya cika."